Laƙabi, Alkunya da Sunan Sakaya: Tarihin Sunayen Aro a Garin Jos

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aikin fassara daga Ingilishi zuwa Hausa, ko a gidan rediyo ko a jarida ko a gaban alƙali, ya san akwai wasu kalmomi guda bakwai da aka saba yi wa kuɗin goro, a fassara su da kalma ɗaya tak, wato laƙabi. Kalmomin su ne pseudonym, pen name, nom de plume, nom de guerre, alias, stage name da nickname. Dukkansu suna nuni ne ga sunan da mutum yake amsawa alhali ba shi aka raɗa masa ba, amma kowacce da inda ta dosa. Wata tana ɗauke da zargi, wata tana nuna sana'a, wata kuwa shaƙuwa kawai take bayyanawa.

Masana irin su Tremearne (1913) da Harris (1931) da Ryan (1981) da Newman da Ahmad (1992) sun yi nazarin sunayen Hausawa, sai dai ayyukansu sun fi karkata ga rabe-raben sunayen da kuma ƙirarsu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa Ingilishi da Hausa ba da mudu ɗaya suke auna sunan aro ba. Ingilishi ya fi damuwa da mai sunan: shin shi ya zaɓa wa kansa, me yake son ɓoyewa, kuma a wane fage? Ita kuwa Hausa ta fi damuwa da mai kira: wa ya sa sunan, kuma mece ce dangantakarsa da wanda ya sa wa? Za a bi diddigin wannan bambanci ta cikin tarihin garin Jos, domin gari ne da haƙar kuza ta tara wa jama'a daga ko'ina a farkon ƙarni na 20, kuma a nan tsarin suna na baka ya yi gaba da gaba da tsarin suna na rajista tun da wuri. A ko'ina cikin maƙalar, "sunan aro" na nufin duk wani suna da ba na yanka ba.

2.0 Kalmomin Ingilishi da Asalinsu

Pseudonym ita ce uwa a cikinsu. Asalinta daga Girkanci yake, inda aka haɗa kalma mai ma'anar "ƙarya" da mai ma'anar "suna". Duk da wannan asali, a yau ba ta ɗauke da wani zargi. Sharuɗɗanta biyu ne: mai sunan shi ya zaɓa, kuma sunan ya maye gurbin na ainihi a wani fage na musamman.

Pen name da nom de plume ma'anarsu ɗaya, wato sunan da marubuci yake sa wa aikinsa a madadin nasa. Mary Ann Evans ta yi rubutu da sunan namiji, George Eliot, a ƙarni na 19, lokacin da ake yi wa rubutun mata kallon raini. Eric Blair kuma ya fito da sunan George Orwell a 1933. Abin lura game da nom de plume shi ne, kalmominta na Faransanci ne, amma a Ingila aka ƙera ta. Su Faransawa nom de guerre suka daɗe suna cewa.

Nom de guerre ma'anarta "sunan yaƙi". A ƙarni na 17 da na 18 akan ba sojan Faransa suna na biyu idan ya shiga runduna, a rubuta shi a rajista tare da nasa. Daga baya kalmar ta koma kan sunan da ɗan tawaye ko ɗan gwagwarmaya yake ɗauka don ya tsere wa hukuma, kamar yadda Vladimir Ulyanov ya zama Lenin.

Alias daga Latin take, ma'anarta "a wani lokaci" ko "ta wata fuska". Ta shiga Ingilishi ne ta takardun shari'a, inda akan rubuta wane, wanda kuma ake kira wane. Da farko ba ruwanta da laifi, amma daɗewar da ta yi a takardun kotu da na 'yan sanda ta sa ta ɗauki warin zargi. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Stage name sunan da mawaƙi ko ɗan wasa yake zaɓa ne don sana'arsa. Nickname kuwa daga tsohuwar kalmar Ingilishi ekename ta samo asali, wato "ƙarin suna". Mutane ne suke sa shi, kuma ba ya kore sunan ainihi, tafiya suke yi tare.

Ke nan, a amfanin yau, biyar daga cikin kalmomin bakwai suna nufin sunan da mutum ya zaɓa wa kansa. Alias tana iya zama zaɓaɓɓe ko sakakke. Nickname kaɗai ce take nufin sunan da jama'a suka laƙaba.

3.0 Yadda Hausa ta Rarraba Sunan Aro

Ginshiƙin tsarin Hausa shi ne sunan yanka, wanda ake raɗawa ranar bakwai da haihuwa. Sauran sunaye duk a kansa suke hawa, kuma kusan dukkansu daga bakin wasu suke fitowa.

Alkunya an aro ta ne daga Larabci, inda take nufin kiran mutum da sunan ɗansa, kamar Abu wane ko Ummu wane. A Hausa ma'anarta ta karkata zuwa ga sunan da ake kiran mutum da shi don kauce wa ambaton na yanka. Ana iya cewa kamancin lafazi tsakaninta da kalmar kunya ya taimaka wa wannan karkata. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, yaron da ya ci sunan kakansa kuma sai a kira shi Abba ko Baba, yarinya a kira ta Ummi ko Inna. Akwai kuma sanannun sunaye da suke tafiya da sunan yanka: Garba ga Abubakar, Shehu ga Usman, Sanda ga Umaru, Maitama ga Yusufu, Indo ga A'isha, Kulu ga Hauwa'u.

Laƙabi ma aro ne daga Larabci. Shi ne sunan da siffa ko hali ko sana'a ko wani abin da ya faru ya jawo wa mutum, kamar Dogo, Jatau, Maikifi. Fodiyo da ke cikin sunan Shehu Usman ɗan Fodiyo laƙabin mahaifinsa Muhammadu ne, daga kalmar Fulfulde mai nufin malami. Inkiya kuwa ainihin ma'anarta ishara ce, daga nan ta zama sunan da ake tantance mutum da shi idan masu sunansa sun yi yawa. Sai sunayen rana da na yanayin haihuwa: Ɗanladi da Ladi, Ɗanjuma da Jummai, Gambo ga wanda ya bi tagwaye, Tanko ga namijin da ya bi mata, Kande ga macen da ta bi maza. Akwai kuma sunayen 'ya'yan wabi, irin su Ajuji da Ayashe da Barmani, waɗanda ake sa wa jariri don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko a roƙi a bar shi ya rayu.

Idan aka duba waɗannan duka za a ga akwai ɓoye suna a al'adar Bahaushe, amma ɓoyewa ce da kowa ya san abin da aka ɓoye. Matar da ta ce "Malam" ba ta ɓatar da kowa game da sunan mijinta ba. Ladabi ta nuna. Wato alkunya tana rufe suna ne daga harshen mai kira, pseudonym kuwa tana rufe mutum ne daga idon mai karatu.

Haka abin yake a rubutaccen adabi. Al'adar marubuta waƙoƙin ajami ita ce mawaƙi ya ambaci sunansa da na mahaifinsa ko garinsa a baitocin ƙarshe, sau da yawa tare da ramzin shekara, yana neman addu'ar mai karatu. Matsalar da manazarta suka fi fama da ita a wannan fage ita ce ta waƙar da sunan mai ita ya ɓace, ko wadda aka jingina wa wani babban malami. Ko marubutan zube na Kano daga shekarun 1980 sun fi son tsawaita suna a kan rufe shi, kamar Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa, waɗanda sunayensu suke kai mai nema har unguwa.

4.0 Matafiyan Turawa a Ƙarni na 19

Fitattun misalan farko na mutum ya zaɓa wa kansa suna a ƙasar Hausa, waɗanda tarihi ya adana a rubuce, daga Turawa masu yawon bincike suka zo. Friedrich Hornemann ya bar Alƙahira a 1798 cikin ayarin fatake da shigar Musulmi da sunan Musulmi, yana ɓoye ko shi wane ne. Wannan shi ne ɓad-da-kama na sosai. Hugh Clapperton, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, ya amsa sunan Abdullahi. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya amsa Abdulkarim. Eduard Vogel, wanda ya kai Bauchi a 1855, ya amsa Abdulwahid. Su waɗannan ukun a ƙasar Hausa da Barno an san su Nasara ne. Sun ɗauki sunayen ne don su yi sauƙi a bakin masu masaukinsu, kuma su nuna su ma bayin Allah ne. Saboda haka, ko da a ce alias ta dace da na Hornemann, ba ta dace da na Barth ba, duk da cewa a zahiri aiki ɗaya suka yi. Niyya ce ta raba su.

5.0 Sunan Aro a Garin Jos

5.1 Kuza, Bariki da Rajista

Tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma. A 1902 Kamfanin Neja ya aiko G. R. Nicolaus ya nemo tushenta, daga 1903 kuma H. W. Laws ya kafa sansani a Tilden Fulani, daga baya a Naraguta. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya kai Bukuru a 1914, an kafa Lardin Filato a 1926, layin Fatakwal kuma ya iso Jos ta Kafanchan a 1927. Bayan Japan ta kame Malaya a farkon 1942, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ɗebo dubban mutane daga lardunan Arewa don aikin tilas a filayen kuza, har zuwa 1944. Freund (1981) ya yi cikakken bayanin wannan tarihi.

Wannan cakuɗuwa ta shafi suna ta fuska biyu. Ta farko, a ƙauye Musa ɗan wane ne, kowa ya san gidansu. A barikin kuza kuwa ana iya samun Musa goma, babu wanda ya san uban wani. Dole sai inkiya, kuma mafi sauƙinta ita ce garin da mutum ya fito. Sawun wannan yana nan a sunayen mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa: Ali Kazaure da Ibrahim Katsina suna ne da gari, Abba na Shehu suna ne da nasaba, Sarkin Arab sarauta ce ta tsaya a madadin suna. Makarantun boko na wancan zamani ma wannan hanya suka bi wajen cike gurbin sunan iyali da rajista take nema, har aka samu Aminu Kano da Isa Kaita da Shehu Shagari. Shi kansa Ahmadu Bello da sunan Ahmadu Raba ya yi Kwalejin Katsina.

Fuska ta biyu ita ce, bariki wuri ne da ba a tambayar asali. Wanda ya gudo daga bauta ko haraji ko bashi ko auren da ba ya so yana iya faɗa wa akawu sunan da ya ga dama, kuma abin da aka rubuta shi ne sunansa ranar biya. A irin wannan rayuwa ne Hausa ta samu abin da ake kira sunan bariki, wanda mai shi ke zaɓa don kada labarinsa ya kai gida. A duk cikin sunayen aro na Hausa, shi ne ya fi kusa da alias a ma'anarta ta zargi, kuma ba mamaki da ya fito daga inda dangi ba sa gani.

5.2 Laƙubban Turawan Mulki

Yadda akawu yake rubuta sunan lebura, haka lebura da talaka suke raɗa wa Bature nasa. An kira Kyaftin Abadie na Zariya Mai Jimina, an kira Hanns Vischer Ɗan Hausa, har gidansa a Kano ya ci sunan, an kuma kira Bryan Sharwood Smith, Gwamnan Arewa daga 1954 zuwa 1957, Mai Wandon Ƙarfe. Waɗannan laƙubba ne tsantsa, daidai da nickname.

Misali mafi jan hankali shi ne na H. B. Hermon-Hodge, jami'in mulki da ya yi aiki a Lardin Bauchi a zamanin da Naraguta da ƙasar kuza suke ƙarƙashin lardin. A 1922 ya buga littafin tarihin aikinsa mai suna Up Against It in Nigeria, amma bai sa sunansa ba, sai ya sa Langa Langa. Langalanga a Hausa siririn ƙarfen nan ne da ake ɗaure dila da shi, ana kuma siffanta dogon mutum siriri da shi. Ga mai karatu a Landan, wannan pen name ne da ya rufe marubucin ruf. Ga mai jin Hausa kuwa kalma ce irin ta laƙabi, wadda aikinta shi ne ta nuna mutum da yatsa. Suna ɗaya ya yi aiki biyu masu karo da juna, gwargwadon kunnen da ya ji shi. A 1929, da ya zo buga Gazetteer of Ilorin Province, wanda aikin hukuma ne, sai ya sa sunansa na ainihi.

5.3 Sunayen Al'ummomi

Laƙabi ba ga mutum ɗaya ya tsaya ba. Yawancin sunayen da aka san al'ummomin Filato da su a takardun mulkin mallaka ta bakin tafintoci masu jin Hausa suka shiga rubutu. Daga baya al'ummomin suka dage a kira su da sunayen da suke kiran kansu: Sura ta koma Mwaghavul, Ankwe ta koma Goemai, Yergam ta koma Tarok, Angas ta koma Ngas, Jarawan Jos kuma suka tsaya a kan Afizere. A ɗaya ɓangaren, Hausawa da sauran Musulmin da suka daɗe a garin sun ɗauki sunan Jasawa, bisa ƙirar Kanawa da Katsinawa, har aka kafa ƙungiya da wannan suna a 1987. Wannan suna ne da aka zaɓa wa kai, amma don bayyanawa da kafa hujjar zama, wanda babu ɗaya daga cikin kalmomin Ingilishi bakwai ɗin da ta ɗauke shi. A rikicin Satumba 2001 da waɗanda suka biyo baya, suna ya zama ɗaya daga cikin alamomin da ake rarrabe mutane da su, alhali sunaye irin su Yakubu da Musa da Ɗanladi da Ladi na kowa ne a Filato, Musulmi da Kirista.

5.4 Fagen Waƙa da Wasan Kwaikwayo

An haifi Adamu Wayya a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin sarkin garin ne, ya rasu yana jariri, mahaifiyarsa ma ba ta jima ba ta bi shi, sai sarkin ya riƙe shi. Daga wannan maraici sunan Ɗan Maraya ya fito. Da ya shahara da kuntigi aka ƙara masa Jos, ya rasu a ranar 20 ga Yuni 2015. Sunansa hawa uku ne: Adamu na yanka, Ɗan Maraya laƙabi na yanayin rayuwa, Jos kuma inkiyar gari irin ta Ali Kazaure. Mai rubutu da Ingilishi yakan kira wannan stage name, amma sharaɗin zaɓi bai cika ba, balle na ɓoyewa. Sunan ma shi ne yake ba da tarihin mai shi a taƙaice.

Wasan talabijin ya kawo wani nau'i kuma. Abdullahi Shu'aibu ya fito a wasan Karkuzu na Bodara a Jos a shekarun 1980, sunan Karkuzu ya bi shi har ya rasu a 2025. Sadiq Daba ya fito a matsayin Bitrus a wasan Cock Crow at Dawn, wanda tashar NTA ta Jos ta fara shiryawa a 1980. Ga shi Musulmi, amma Nijeriya ta yi ta kiransa Bitrus har rasuwarsa a 2021. Haka ya faru ga Usman Baba Pategi da Samanja a Kaduna, da Rabilu Musa da Ibro a Kano. A nan sunan wanda aka kwaikwaya ne 'yan kallo suka cire daga cikin wasa suka laƙaba wa ɗan wasan. Mafarinsa ƙirƙira ce, ƙarshensa laƙabi. Wato ko da sunan ya faro ta hanyar Ingilishi, sai jama'a su ja shi zuwa ga tsarin Hausa.

5.5 Kwatanci daga Wajen Jos

Misalai uku daga wasu garuruwan Arewa za su ƙara fito da iyakokin. Jaridar New Nigerian, wadda ta fara fita a Kaduna a Janairu 1966, tana da shafin sharhi mai suna Candido, da zanen mutum sanye da abin rufe fuska, manyan editoci suna karɓa-karɓar rubuta shi. Wannan pseudonym ne cikakke. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sunanta na yanka Hajaratu. Gambo sunan bin tagwaye ne, Sawaba kuma daga taken jam'iyyar NEPU ya zo. Sunan gwagwarmaya ne, amma bai ɓoye ta daga hukuma ba, shi ya sa ma aka yi ta kama ta. Muhammadu Marwa, wanda aka kashe a tarzomar Kano ta Disamba 1980, mutanen gari ne suka sa masa Maitatsine saboda yawan tsinuwa a wa'azinsa. Jaridun Ingilishi sukan haɗa sunayen biyu da alias, kamar shi ya ɗauka don ɓuya, alhali laƙabi ne na masu sukarsa. Sai a 'yan shekarun baya ne aka ga alkunyar Larabci ta koma nom de guerre sosai a Arewa, kamar Abu Mus'ab al-Barnawi da aka bayyana a 2016 a matsayin shugaban wani ɓangare na mayaƙan yankin Tafkin Cadi.

6.0 Matsalar Fassara da Shawarwari

Kuskuren yana tafiya ta hanya biyu. Idan aka mayar da kowace kalmar Ingilishi laƙabi, mai sauraro ba zai gane cewa wanda ake tuhuma ya ɓad da kama da gangan ba. Idan kuma aka mayar da kowane laƙabi ko alkunya alias a takardar tuhuma ko a jarida, an shafa wa mutum kashin kaji tun kafin a saurare shi, don kawai an fi saninsa da Garba alhali Abubakar aka raɗa masa.

Matsalar ta ƙara tsanani tun da aka fara lambar BVN ta bankuna a 2014, aka kuma wajabta haɗa lambar ɗan ƙasa ta NIN da layin waya a Disamba 2020. Kwamfuta ba ta san Shehu da Usman mutum ɗaya ne ba, ba ta san Indo ita ce A'isha ba. Wanda takardar makarantarsa ta ɗauki alkunya, ta bankinsa ta ɗauki sunan yanka, sai ya nemi takardar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida kafin a yarda shi ne shi. Abin da ya faro a teburin akawun kuza shi ne ya game ƙasa.

Bisa ga bayanan da suka gabata, ana ba da shawarar a riƙa bambantawa kamar haka:

(a) Nickname: laƙabi, ko inkiya idan manufar tantancewa ce.

(b) Pseudonym: sunan sakaya. Wannan ya dace da yadda gidajen rediyo suke cewa wane ya nemi a sakaya sunansa. Sai dai a lura, sakaya suna rashin ambato ne gaba ɗaya, sunan sakaya kuwa sa wani ne a gurbinsa.

(c) Pen name da nom de plume: sunan alƙalami. Fassara ce ta kai tsaye, amma ta riga ta kama baki a wurin marubutan intanet, kuma ma'anarta a fili take.

(d) Stage name: sunan sana'a, idan mai shi ne ya zaɓa. Idan 'yan kallo ne suka sa, laƙabi ne.

(e) Nom de guerre: sunan fagen daga.

(f) Alias: a duba niyya. Idan babu zargi, a ce "wanda aka fi sani da". Idan an tabbatar da nufin ɓatarwa, a ce sunan ɓad-da-kama ko sunan bogi. Idan kuwa sunan wani mutum na gaske aka ɗauka, wannan sojan gona ne.

Alkunya ba ta da takwara a cikin kalmomin bakwai. Ya kamata mai fassara zuwa Ingilishi ya bar ta yadda take, ya yi mata bayani.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kalmomin Ingilishi na sunan aro sun ginu ne a kan zaɓin mai suna da abin da yake son rufewa, na Hausa kuwa sun ginu a kan mai kira da dangantakarsa da wanda yake kira. Tarihin Jos ya nuna yadda tsare-tsaren biyu suka haɗu: bariki ya haifar da sunan da mutum ke zaɓa don ɓuya, rajista ta mayar da inkiyar gari sunan iyali, fagen waƙa da talabijin kuma suka tabbatar da cewa har yanzu jama'a ne suke da ikon raɗa suna na biyu. Akwai buƙatar masu tsara ƙamusu da kwamitocin daidaita kalmomi su raba waɗannan ma'anoni a shigarwa daban-daban. Haka kuma, tattara laƙubban Turawan kuza da na helumansu daga bakin tsofaffin Bukuru da Barikin Ladi da Gangare aiki ne da ya kamata a gaggauta, tun masu riƙe da su suna raye.